Murfin da Baba Ya Ƙera

Bayan la'asar ne, a ƙarshen damina, irin ranar nan da hadari yake haɗuwa ya ƙi zubowa, zafi ya kwanta a kan gari. Badaru ya rufe rumfarsa ta gyaran janareta, ya nufi faƙon da ke bakin dam ɗin Karaye, rungume da ɗan jirgin sama mai rimot.

Jirgin ba nasa ba ne. Na amininsa Awaisu ne, wanda suka koyi gyara tare. Bara war haka injin ya mutu a sama, jirgin ya faɗa ruwa, Awaisu ya tuɓe riga ya bi shi. Masunta sun fito da jirgin a ranar. Shi kuwa sai washegari.

Badaru ya busar da shi, ya gyara. Sai dai wani abu. Duk ranar da ya tashe shi sai ya yi ta shawagi lafiya lau, da ya zo saitin wurin nan sai injin ya yi tari ya ɗauke, da ƙyar zai karkato shi ya sauka a ciyawa. Mutane suka fara cewa mai kaya ne yake kiran kayansa.

Ranar ma haka aka yi. Ƙarar ta yanke, wuri ya yi tsit, sai ya ji an ce a bayansa, "Kukan jirgin Yaya ne wannan."

Ya waiga. Budurwa ce, amma idon Awaisu ne a fuskarta, har da wushiryar.

"Ke ce Saude?"

"Kai ne Badaru. Daga Zoza na zo suna gidan Gwaggo, na jiyo shi ta katanga. Malam, me ya sa yake mutuwa a can?"

"Wallahi ban sani ba. Amma zan sani."

"Ka sani ɗin, don Allah. Inna ta ji labarin, ta daina cin abincin kirki. Gani take Yaya bai samu kwanciya ba."

Daga nan aka soma. Lambar waya ce dai, wai don ya riƙa gaya mata halin da jirgi yake ciki. Kafin a cire gyaɗa, maganar jirgin ta koma layin ƙarshe.

"Matuƙina, ka ci abinci kuwa, ko fetur ka sha?"

"Na ci, Saudena. Yau na ɗaura wa janaretan wani bawan Allah fulogi a baibai saboda tunaninki."

"Ka ji ka! Kar ka ja min Allah ya isa."

Zubair, ɗan baffanta mai shagon takin zamani a Rogo, shi ma yana cikin masu neman aurenta. Shi ya kai wa mahaifinta, Malam Gwadabe, labarin Badaru da jirgin. Malam Gwadabe maƙerin gwangwani ne, kurfoti da mazurari da rariya yake yi. Da manyan Badaru suka je tambaya, ya karɓe su da mutunci, aka gaisa har aka gaji, sannan ya ce, "Abin nan ya ɗauke min ɗa. Ba zan ba da 'ya gidan da yake rataye ba. Ya kawo min shi in ƙona, sai mu yi magana."

A makon ne Badaru ya gano. Jirgin ya sauko kamar kullum, ya kai hannu kan murfin gwangwanin da ya rufe injin, ya janye da sauri. Ya kwance murfin ya ajiye, ya bari injin ya huce, ya sake tashinsa tsirara. Ya wuce saitin wurin nan, ya dawo, ya sake wucewa, har mai ya ƙare. Ashe murfin yana da bakin shan iska ta gaba, amma ba shi da mafita ta baya. Zafi ne yake taruwa. Tun da kuwa wuri ɗaya yake tashi, hanya ɗaya yake bi, dole a wuri ɗaya zai shaƙe.

Da murna ya rubuta mata. Amsa ba ta zo ba sai bayan kwanaki, har ya fara zaton Zubair ya yi nasara.

"Matuƙina, ka yafe min shirun. Baba ne ya ƙera wa Yaya murfin nan, kyautar sallah. Kwana ya yi yana goge shi. In ka faɗa, ka kashe Baba. In ba ka faɗa ba, Inna za ta ƙare a haka. Ban san me zan ce maka ba."

Daga bisani Badaru ya mayar da murfin yadda yake, ya ɗaure jirgin a bayan babur, ya kama hanyar Zoza.

Ya tarar har an tara kara a bayan gida. Ya durƙusa ya miƙa. Malam Gwadabe ya karɓa, ya shafa murfin da babban yatsa, bai jefa ba.

"Tashe shi in ji sau ɗaya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ban taɓa ganin ya tashi ba."

Jirgin ya hau saman gonar gyaɗa. Inna Laure da Saude suna leƙe daga zaure. Can injin ya yi tari ya ɗauke. Babu dam a nan, ko kududdufi babu. Inna ta ɗora salati.

Tsohon ne ya riga kowa isa inda jirgin ya sauka. Ya ɗauka, murfin ya ƙone masa tafin hannu, bai sake ba. Ya juya shi, ya duba gaba, ya duba baya, ya sake dubawa.

"Ko kurfoti ban taɓa ƙera shi ba ƙofa ba," ya ce. Ya dubi Badaru. "Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Za ka bari in ƙona, ba ka faɗa ba?"

"Baba, ina wurin ranar. Sana'ata ce, amma shekara na yi ban gano ba. Kwana ne ya ƙare."

Tsohon ya zauna a kan kunyar gona, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Saude, miƙo min almakashin kwano."

Tare suka yi. Badaru ya nuna ƙasan murfin ta baya, ya ce mafitar ta fi mashigar girma. Malam Gwadabe ya yanke, ya lanƙwaso leɓen waje don iska ta riƙa zuƙo zafin. Ya ƙara ɗan falle a ciki, wanda zai tilasta wa iskar bi ta haƙarƙarin injin. Jirgin ya tashi, ya yi ta kewaya Zoza har mai ya ƙare.

"Kin gani, Laure? Zafi ne. Ɗanki yana kwance lafiya."

Ranar Inna ta nemi ƙarin tuwo.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a ƙofar Malam Gwadabe. Har Zubair ya zo, ya yi addu'a ya wuce. Da za a tafi da amarya tsohon ya ce, "Allah ya sanyaya zamanku, ya ba ku masu albarka." Kowa ya ce amin.

Wata Juma'a ya zo Karaye duba su. Suna cin abinci ya lura da filasta a yatsan Badaru, bakin mafitar ne ya yanke shi. Da Badaru ya fita sayo masa goro, ya sauko da jirgin daga ƙusa, ya zaro magagari daga aljihu, ya goge kaifin tas, ya mayar ya rataye. Saude tana kallo ta taga, ta ci gaba da wanke kwanukanta.