Sawu a Kan Dusar Katako

"Wa ya sake fito da shi?!"

Maman Tsito ce ta yi tambayar. Tana tsaye bakin ƙofar ɗakinta, almakashi a hannu, idonta ƙur a tsakar gida.

Yana nan inda ya saba tsayawa. Ɗan keken katako ne na koyon tafiya, mai taya biyu, gurbin ta ukun a buɗe kamar bakin da aka cire wa haƙori. Jiya da hannunta ta mayar da shi sito, ta jawo ƙofa ta saka sakata. Ga shi yau ya sake juyo da gabansa saitin ɗakinta.

Tsito kuwa yana zaune a tabarma yana ƙyalƙyala dariya. Sai dai ba keken yake kallo ba. Sama da shi kaɗan yake kallo, daidai inda fuskar mutum za ta kasance...

Ta ja da baya.

Inna, uwar mijinta Marigayi, ta leƙo daga rumfa.

"Me kike tambaya kuma, 'yar nan? Mai shi ne ya fito da abinsa. Tun ranar da kika ba Dogo fuska ɗana bai huta ba."

"Haba Inna! Wanda ya tafi ai ba ya dawowa."

"To ke kika fito da shi?"

Auta, ƙanwar Marigayi, tana wanke-wanke a gindin famfo. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ni dai da ni ce, kunyar Yaya ma ta ishe ni. Abokin aikinsa fa!"

"Magana ɗaya ce," in ji Inna. "In kin nace sai kin yi auren, ga hanya nan. Amma ki ajiye min jikana. Yaron da ko tsayuwa bai yi ba, ba zan bari a kai shi inda ubansa bai yarda ba."

Maman Tsito ta suri ɗanta ta shige ɗaki, hawaye na bin kumatunta.

Marigayi kafinta ne. Tana da cikin Tsito ya fara haɗa keken nan, yana fafa yana yi mata tsiya, wai ɗansa ba zai gaji tafiyarsa ba. Don shi ƙafarsa ta hagu ja take yi, tun wani katako da ya faɗo masa yana yaro. Ko daga soro ta kan gane shigowarsa: taku ɗaya, sai shaaa... Bai kai ga fafe taya ta uku ba ciwo ya kwantar da shi. Ya tafi Tsito yana tsumman goyo.

Yanzu yaron ya doshi shekara biyu. Haƙora sun cika baki, ya iya cewa "a'a" da "nawa", ya iya rarrafawa ya tsoma takalmin Inna a bokitin ruwa. Amma tafiya, ko alama. A asibiti an lanƙwasa ƙafar, an miƙe ta, an ce lafiyarsa lau, lokaci ne bai yi ba.

Washegari ta goya shi ta nufi shagon Dogo, shagon da suka yi shekaru suna aiki tare da Marigayi. Yana hango ta ya ajiye zarto ya kakkaɓe hannu.

"Hasken idona, wa ya taɓa min ke?"

"Dogo, ka haƙura da ni..."

"Me kika ce?"

"Ba zan iya rabuwa da Tsito ba. Kuma tsoro nake ji! In fa da gaske shi ne? In fa fushi yake yi da mu?"

Dogo ya kwance yaron daga bayanta ya ɗora shi a kan benci. Nan take Tsito ya damƙi fensirin da ke kunnensa ya kai baki.

"Kai maigida, wannan ba na ci ba ne, na neman abin ci ne." Ya karɓe, sannan ya dube ta. "Rabin raina, na san mutumin nan fiye da yadda na san tafin hannuna. Ko ƙusa ya aro sai ya mayar. Shi ne zai zo yana tsorata matarsa da rana tsaka? Gaya min, yaushe abin yake fitowa?"

"Bayan azahar. In na hau keken ɗinki, Inna kuma ta ɗan kishingiɗa."

"Wato lokacin da ƙarar ɗinki ta toshe miki kunne."

Ya sunkuya ƙarƙashin benci ya cika leda da dusar katako, mai laushi kamar gari.

"Mu a nan in ɓera ya dame mu ba ma tsaronsa. Wannan muke barbaɗawa mu tafi, in mun dawo ƙasa ta gaya mana ta inda ya bi. Ki zuba daga ƙofar sito zuwa tsakar gida, siriri, kada ya yi tudu. In an tambaya ki ce maganin tururuwa ne. Zan zo da la'asar in gaida Inna."

"In kuma ba a ga sawun kowa ba fa?"

Ya miƙa mata ledar.

"To ranar sai in yi kuka, amma ba zan raba ki da ɗanki ba."

Haka ta yi. Ta barbaɗa dusar, ta bar Tsito a inuwa da murafen tukwanensa, ta hau keken ɗinki. Ɗinkin ranar dai sai da aka farke shi, don hannun riga ta haɗe da wuya.

La'asar na yi ta ji sallamar Dogo. Ta fito da sauri.

Keken katakon yana tsakar gida.

Inna ta fito tana gyara ɗankwali. "Yawwa, gara da ka zo ka gani da idonka."

"Na gani, Inna," in ji Dogo, bayan ya durƙusa ya gaishe ta. "Amma ki dubi ƙasa."

Sawun silifa ne ɓaro-ɓaro, daga sito zuwa tsakar gida, daga nan ya kwana ya nufi ɗakin Auta. Na dama da ɗan gutsure a dunduniya.

Inna ta san silifan, ita ta saya.

"Auta!"

Ta fito tana murza ido kamar mai barci, dusar katako fal a ƙasan zaninta.

"Ke ce? Ke ce kike wasa da sunan ɗan'uwanki yana kwance a makwancinsa?"

Auta ta fashe da kuka. "Ni na riga ta son Dogo, Inna! Tun Yaya na da rai nake kai musu abinci shago, ko sau ɗaya bai ɗago ya dube ni ba. Ita ta yi aure ta haihu, ni kuma fa?"

"Kaico, ƙanwata," in ji Dogo a hankali. "Ni matsayin yayanki na ɗauki kaina."

"Na yarda ni nake fito da shi," ta ce tana shessheƙa. "Amma wallahi ranar farko ba ni ba ce! A nan na tarar da shi, shi ya sa ma dabarar ta zo min..."



Kajin da ke tono a gindin famfo suka tsaya cak. Iska ta ɗauke. Igiyar shanya kaɗai ke ɗan lilo, kamar wani mutum ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashinta.

Sai suka ji murfin tukunya ya faɗi.

Tsito ne ya miƙe.

Bai dafa bango ba, bai dafa kowa ba. Ya ɗaga hannunsa na dama sama, ya dunƙule 'yan yatsunsa kamar wanda ya riƙe yatsan babba.

"Tsito..." Maman ta yunƙura.

Inna ta riƙe mata hannu gam. "Bar shi!"

Ya ɗaga ƙafa ya ajiye. Ya yi tangal-tangal kamar zai kifa, sai hannun nan da ke sama ya miƙe, ya dawo daidai. Yana tafe yana ɗaga kai gefe yana gwaranci, kamar mai ba wani labari. Ya wuce keken bai ko kalle shi ba. Ya wuce uwarsa. Ya wuce kakarsa.

Sai da ya kai gaban Dogo ya saki hannun, ya rungume ƙafarsa.

Sannan ya juya wajen soro, ya ɗaga hannu yana buɗe yatsu yana rufewa.

"Bai-bai..."

Dogo, ƙaton mutum, ya zube a ƙasa ya ƙanƙame yaron, kafaɗunsa na girgiza.

Maman Tsito ta sauke idonta kan dusar. Ga 'yan sawun ɗanta nan a jere, ƙanana kamar an ɗiga. A gefensu kuma, daga dama, akwai wani abu. Taku ɗaya, sai dogon ja. Taku ɗaya, sai dogon ja. Bai tsaya inda yaron ya tsaya ba. Ya zarce har inda dusar ta ƙare, ya nufi ƙofar waje.

Ta ji tsoron da ya yi makonni a ƙirjinta ya sauka, wani abu mai ɗumi ya maye gurbinsa.

Inna ta durƙusa, ta kai hannu kusa da sawun amma ba ta taɓa ba. Ta daɗe a haka bakinta na motsi da addu'a. Da ta ɗago, fuskarta sharkaf take.

"Ni na ce bai yarda ba," ta ce. "Ashe kawo masa yaron ya zo yi." Ta dubi Dogo. "Ka turo manyanka. Amma duk mako a kawo min shi, ko da takalmina zai ƙarar a bokiti."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura. Auta ce ma ta fi kowa ɗawainiya, duk da ta jima ba ta iya haɗa ido da amarya.

Ranar da Maman Tsito ta tare, Dogo ya ɗauko keken ya fafe masa taya ta uku, da irin katakon da abokinsa ya fara.

"Angon nan, aikin banza kake yi," ta ce tana dariya. "Mai keken ai gudu yake yanzu."

"Na sani, masoyiyata. Amma aikin abokina ne, ba a barinsa rabi."

Tsito ya zo ya loda masa takalman gidan gaba ɗaya, ya tura shi yana ihu. Da ya gaji ya bar shi a gindin bango.

Washegari a nan suka same shi, inda aka ajiye shi.