Buhun Gashin Dinya Da Na Roba

"A'a Mama, ba zan kira shi ba! Na yi masa godiya, sau nawa ake yi?"

Hinewai ta janye wayar daga kunne, ta bar uwar tana ta yi. Zaune take a tashar jirgin ruwa ta Oban, ƙafa a kumbure, taɓo har gwiwa. Kwana goma sha ɗaya tana zagaye tsibirin Rakiura a ƙasa, ko ƙarfin faɗa babu.

Maganar dai ɗaya ce, wa za ta aura. Uwar ta kafe a kan Corbin, mai shagon kayan tafiya a Invercargill, ɗan gayu mai iya gaisuwa. Ita kuwa Fergus take so, mai gyaran hanyar daji, wanda safarsa ba ta taɓa zama iri ɗaya ba.

Da Corbin ya ji za ta yi tafiyar nan tare da Fergus, sai ga shi har gida da buhun barci na gashin dinya. A gaban uwar ya miƙa, ba shi da wauta.

"Ɗaga ki ji, kamar iska! Shi Fergus na roba zai ɗora miki, kamar kin goya tunkiya. Kuma ba sai kin sa shi a leda ba, wannan ruwa ba ya ratsa shi."

In ji mutumin da bai taɓa kwana inda babu rufi ba.

Ranar tafiya Fergus ya taɓa buhun, ya ce, "Hine, gashi a tsibirin nan? In ya jiƙe ya gama aiki."

"Kishi ke cinka!"

"To ko a leda ki sa shi, 'yar rigimata."

"Ba zan sa ba!"

Kwana biyu tana gaba yana baya, ba um ba um-um.

Rana ta bakwai rafi ya kawo, ta zame, ya cafko ta, kayansu duka suka sha ruwa. Da la'asar a bukkar matafiya ta zazzago buhunta. Gashin ya dunƙule kamar kazar da aka tsoma za a fige. Itacen wuta jiƙe. Haƙoranta suka fara kaɗawa.

Shi kuwa ya matse nasa na roba, ya kakkaɓe, ya miƙa mata. Da lemarsa da komai, da ta shiga sai ga ɗumi.

Ta jira ya ce ai na faɗa miki. Bai ce ba. Kwana huɗu yana kwana a kan katako cikin rigar ruwa, yana tari.

"Ka faɗa mana!" ta ce da kuka. "Ka ce ka faɗa min..."

"Na gaji, masoyiya. Sha shayinki."

Ga shi can yanzu a benci, baki buɗe, yana minshari.

Ta mayar da wayar kunne. Uwar ta kai wajen me Fergus yake da shi da zai ba ki.

"Mama... Corbin ya zaro ɗaya cikin waɗanda suka cika masa shago. Fergus guda ɗaya gare shi, tsoho, yana warin kare, kuma ni ya ba. Asabar ta biyu a Maris za a ɗaura, a nan tsibirin. In za ki zo, ki taho da rigar ruwa."