Wanda Aka Fara Saki

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Muryar Reza ta cika shagon zinariyar. Rana tsaka ce, titi cike da jama'a. Mata biyu da ke gwada zobe suka zube a wajen. Mai shagon ya ɗaga hannuwa sama.

"Baaba, buɗe akwatin, ba gaisuwa ta kawo mu ba," in ji Reza. Ya waiga. "Kawu, hanya?"

"Hanya lafiya."

Kawu na tsaye a bakin wani siririn lungu da ya bi ta bayan kanta zuwa ƙofar baya, inda Direba ke jira da mota. Lungun mutum ɗaya yake ɗauka. Aikinsa ke nan, ya tsare shi. An ba shi bindiga, ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar wanda aka miƙa wa jaririn maƙwabta.

'Yan watanni baya, Kawu fursuna ne mai ɗaurin rai da rai. Yana saurayi ya harbe wani mai gadi a fashi irin wannan, mutumin da bai ma gama tashi daga bencinsa ba. Ya shiga gidan yari da baƙin gashi, ya fito da furfura. Kwamitin afuwa ne ya sake shi, wasu manya masu ƙamshin turare da suka daɗe suna gardama a kan ko mai rai-da-rai yana gyaruwa. Da gardamar ta ishe su sai suka ce a gwada da mutum ɗaya. In ya zauna lafiya, a saki na biyu. Na biyun kuwa Tela ne, tsohon da suka raba ɗaki da bargo da kwarkwata shekara ashirin da ɗoriya, wanda idanunsa suka mutu a kan keken ɗinkin gidan yari.

Ranar fita Tela ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Ka dai ji sharaɗin, ɗan banza. Ko tuntuɓe ka yi a waje, ni zan faɗi."

An ɗauki hoto a bakin ƙofa. Shugaban kwamiti ya rungume shi, ya miƙa masa injin walda sabo fil, aka tafa. Da masu hoto suka watse sai aka mayar da injin cikin mota, wai za a kawo masa in an gama shirye-shirye. Ana nan ana shiryawa.

Duniya kuwa ta karɓe shi yadda ta saba. A gidan ƙanwarsa aka ba shi ɗakin tarkace. Ƙanwar tana kiransa Yaya cikin ladabi, tana kuma kulle ɗakinta ko banɗaki za ta zaga. Masu garejin walda su yaba hannunsa, su ji inda ya koyo, sai aiki ya yi ƙaranci nan take. Amma kada a yi masa kuka da yawa. Yana ci, yana da wurin kwana, ya kuma san wanda ke rataye a wuyansa. Ba yunwa ce ta kayar da shi ba. Reza ne, ɗan ƙanwar tasa, wanda duk gidan shi kaɗai ke kallonsa ido cikin ido.

"Kawu, an ce a zamaninku kai ne maza," ya ce masa wata la'asar a bayan gida.

"Zamanin ya wuce."

"Ya wuce ya bar ka kana wanke wa Umma bokiti. Harka ce 'yar ƙarama, ka gane? Tsayuwa kawai za ka yi."

"Akwai mutum a ciki da yake jirana."

"Tsohon telan nan? Haba Kawu. Waɗanda suka ƙwace injin da suka ba ka a gaban hoto, su ne za su sake shi? Ko waliyyi ka zama, a can zai mutu. Mu kuwa muna buƙatarka."

Kawu ya san ƙarya ce, ko aƙalla rabinta. Sai dai rabon da wani ya ce yana buƙatarsa tun kafin a haifi wannan mai maganar. Ya kwana ya tashi da zancen, ya gina wa kansa hujjoji masu kyau, irin waɗanda mutum ke ginawa bayan ya riga ya yanke shawara. Ya ce sau ɗaya kawai. Kowa ma haka yake cewa.

Yanzu ga shi a bakin lungu. Reza na kwashe kaya cikin jaka – sarƙoƙi, awarwaro, 'yan kunne. Ɗaya daga cikin matan tana kuka ƙasa-ƙasa. Mai shagon ya ɗago kai ya dubi Kawu.

"Dattijo, har da kai?"

"Rufe mana baki," in ji Reza. Ya ja zif ɗin jaka. "Kawu, mu ware!"

A waje, a mahaɗar titi, wata babbar mota ta ƙi tsayawa. Ɗan sandan da ke ba da hannu, wanda bai san ana fashi a bayansa ba, ya cika kumatu ya busa usur.

Firrr!

A gidan yari usur ma'anarsa ɗaya ce: ƙirga. Duk inda ya same ka, ko loma ce a bakinka, ka tsuguna, hannu a ka, ido a ƙasa, har gandiroba ya wuce. Wanda ya yi jinkiri kulki ke tuna masa. Safe, rana, yamma, shekara da shekaru. Kawu bai yi tunanin komai ba. Gwiwoyinsa ne suka ji kira suka amsa. Bindiga ta suɓuce – ƙwal! – ya tsuguna a tsakiyar lungun, hannuwa a ka, tsaf yadda aka koya masa.

Reza na tafe a guje. Ya ci karo da shi, ya tashi sama, ya dira da haɓa. Bindigarsa ta tashi – tau! Mai shagon ya dafe kafaɗa ya sulale bayan kanta. Matan suka ƙwala ihu. Titi ya ɗauka: ɓarayi! ɓarayi!

"Uban me kake yi a ƙasa?" Reza na lalubar jaka, jini a bakinsa. "Tashi!"

Kawu ya ɗago. Sai yanzu ya ga inda yake. "Usur na ji."

Reza ya dube shi, ya dubi ƙofar gaba inda mutane suka fara dukan gilashi. Shawarar ba ta ɗauke shi lokaci ba. Taro in ya samu mutum ɗaya a ƙasa, ba ya bin na biyu.

"Yi haƙuri, Kawu. Kai ka saba da can."

Tau! Ya harbi Kawu a cinya.

Reza ya fice ta baya. Amma Direba ma yana da irin wannan basirar. Tun harbin farko ya ja mota. Reza ya tarar da wurin wayam, sai tabon mai a ƙasa. Ya ruga da ƙafa. Motar sintiri da ihun ya jawo ta tare bakin layin. Ya ɗaga bindiga – suka riga shi.

Kawu ya ji ƙarar daga inda yake kwance. Ya san wa aka samu.

Sufeto ne ya ƙwace shi daga hannun taro, ba don tausayi ba, don yana son mai ba da bayani. A bayan mota ya ɗaga masa haɓa da kan kulki.

"Af, ashe kai ne. Na ga hotonka a jarida kana washe baki. Mutumin da ya shiryu." Ya juya ga kofur ɗinsa. "Ka gani ko? Irin waɗannan, a kulle su a jefa mabuɗin cikin rijiya, shi ke nan."

"Yallaɓai, matan sun ce fa ko harbi bai yi ba. Tsugunawa ya yi."

"To a ba shi lambar yabo."

Mai shagon ya rayu, amma hannun damansa ya shanye, aikin zinariya ya ƙare masa. Ƙanwar ta binne ɗanta, ta aika a gaya wa yayanta kada ya ƙara ambaton sunanta. Kwamiti ya yi zaman da bai taɓa yin mai gajarta irinsa ba. Waɗanda dā suka ce a saki, su suka fi kowa ɗaga murya cewa dama jikinsu ya ba su. Aka rufe maganar afuwa ga masu rai-da-rai gaba ɗaya, aka sha lemo, aka tashi. Ba wanda ya tambayi laifin da Tela ya yi a cikin wannan fashin.

Da cinyar ta warke aka mayar da Kawu tsohon ɗakinsa. Gandiroba ya tura shi ciki yana dariya. "Ga naku ya dawo daga hutu."

Tela na zaune a ƙasa, ba bargo, ba kofi. Ya rabar da kayansa tun ranar da aka ce masa ya fara shiri. Bai ɗago ba, idon ma inuwa kawai yake nuna masa.

"Ɗingishin wa nake ji?"

"Ni ne."

"Na sani. So nake in ji ko kana da bakin faɗa."

Kawu ya tsaya jikin bango. A gadon asibiti ya shirya maganganu da yawa, na injin, na ƙanwarsa, na yaron da ya yaudare shi. A nan ko ɗaya ba ta iya fitowa ba.

"Tela, ka zage ni."

"Da wane ƙarfin?" Tsohon ya lalubi ƙasa a gefensa, ya buga ta da tafin hannu. "Zauna nan. Ka daɗe a wajen?"

"Ban daɗe ba."

"Ko ma yaya ne, rabona ka haɗa da naka ka cinye, don haka sai ka ba ni labarinsa. Fara daga bakin ƙofa, ranar da ka fita. Me ka fara gani? Kada ka tsallake komai, kuma kada ka yi sauri. Ba inda za mu."