Maɗacin Tsibiri

A can wani zamani, wani saurayi mai ƙafar yawo ya dawo gida bayan shekaru. Ya tarar kogi ya cinye tsohuwar kasuwa, an sare maɗatan gari, kakarsa kuma tana kwance da zazzaɓi.

Ta ce, "Maigida, sai yau? Maɗaci ɗaya ya rage, a tsibiri. Ka sassaƙo mini gefe guda, ka shafe masa ciwon da laka. Gefe guda, ka ji?"

Ya tuƙa kwalekwale har tsibirin. Ba gida, ba gona, sai kurmi mai duhu, da birai, da aku, da ƙorama mai sanyi. Ya sami maɗacin, ya sassaƙi gefe guda. Sai zuciyarsa ta ce, "Zagaye shi duka, ka huta da dawowa." Ya san in ya zagaye, bishiyar za ta mutu. Ya ɗaga gatari, ya tsaya, ya ajiye. Ya ɗebo laka ya shafe.

Ya kawo sassaƙen ya jiƙa. Kaka ta sha, ta yamutsa fuska, ta warke. Wata safiya ta gan shi yana ɗaukar filafilin kwalekwale.

"Ina kuma za ka?"

"Tsibiri, uwargida. Zan dubo ko shi ma ya warke."