Bencin Marigayi Mai Otal

A tsakar falon gidansu 'Yar Labule ta baje ƙyallayenta, har babu inda mutum zai sa ƙafa. Ga guntun yadi mai ganye-ganye, ga mai layi-layi, ga wani ruwan ƙasa mai kauri da take ta shafawa kamar kan jariri. Yayanta ne ya laƙaba mata wannan suna tun tana ƙarama, domin idan aka je gidan mutane, sauran yara suna leƙen kwano, ita tana can gefe tana murza labule. Sunanta na yanka ya kwanta mini yanzu, duk da ni na koya mata karatu. Abin da ban manta ba shi ne yadda idonta ke haske idan ta ga kala biyu sun dace.

Umma ta fito daga kicin ta tsaya bakin ƙofa, ta tambaya ko za a ba ta hanya ko sai ta nemi izini a rubuce. Yaya yana miƙe a doguwar kujera, ya ce a ƙyale ta, ai wannan amarya ba Manaja za ta aura ba, otal ɗinsu za ta aura.

"Yaya, kai fa ba ka san dizayin ba," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Rigarka da wandonka ma gaba suke yi da juna."

Manajan nan da ake faɗa saurayi ne mai sanyin hali, shi ke riƙe da ƙaramin otal da mahaifinsa ya gina ya bari. Sun haɗu ne ran da ta shiga neman izinin ɗaukar hoton matakalar benensu, wai lanƙwasarta ta burge ta. Ya ce shekarunsa nawa yana hawa yana sauka, bai taɓa sanin tana da wata lanƙwasa ba. Daga dariya aka koma gaisuwa, daga gaisuwa manya suka shiga, har aka sa rana.

A lokacin tana koyon ƙawata ɗakuna a wurin wata mata da suke kira Madam, wadda ke yi wa manyan otal-otal aiki. Madam tana da ƙa'ida guda da take nanata wa almajiranta: kowane ɗaki yana da abu ɗaya da ke ɓata shi, ki tsaya bakin ƙofa, ki ƙanƙance ido, ki gano shi, ki fitar da shi kafin ki taɓa komai. 'Yar Labule ta riƙe wannan magana tamau. Ko masallacin unguwa ta wuce sai ta ƙanƙance ido.

To, ana nan sai Hajiya, mahaifiyar Manaja, ta tafi jinyar ƙanwarta a wani gari. Manaja ya ga dama ta samu: otal ya tsufa, baƙi suna raguwa, ga amaryarsa da ilimi a hannu. Ya ce ta gyara zauren karɓar baƙi yadda ranta ke so, Hajiya ta dawo ta ga abin mamaki. Ya damƙa mata makullai, shi kuma ya tafi sayo fitilu da fankoki, tafiyar 'yan kwanaki.

Ta tsaya bakin ƙofar zauren, ta ƙanƙance ido. Ba ta sha wahalar nema ba. Kusa da teburin karɓar baƙi akwai wani dogon benci mai kushin, an lulluɓe shi da faci a kan faci: shadda fara da ta koma ruwan madara, yadi shuɗi mai layi, wani mai ruwan toka, har da bakin aljihu a jikin wani ƙyallen. Ɗinkin hannu ne, karkatacce, zaren ma ba kala ɗaya ba. Tausayi ya kama ta. A zatonta rashi ne ya sa suka yi haka, kuma ta ga tambaya za ta zama tonon asirin gidan da za ta shiga. Ta kira mai gyaran kujeru, aka ɗora benci a mota, ta zaɓa masa yadin nan ruwan ƙasa da take ƙauna.

Na san bencin. Nan marigayi, mahaifin Manaja, yake zama kullum da hantsi yana gaisawa da baƙi, nan ni ma nake samunsa mu yi ta musu a kan littattafai, shi bai karanta ba amma ba ya yarda a kayar da shi. Allah ya ji ƙansa. Ina nake? Yawwa. Bayan rasuwarsa Hajiya ta ƙi rabar da rigunan da ya fi sawa. Ta farke su da kanta, ta zauna da allura, ido ba ya gani sosai, ta lulluɓe bencin da su. Kowace safiya takan zo ta zauna a gefensa na hagu, ta ɗora tafin hannu a kan shuɗin nan mai layi, sannan ta koma gida. Manaja ya san da haka. Saninsa ɗin ne ma ya sa bai faɗa ba, don bai taɓa kawo wa ransa akwai mai taɓa bencin a duniya ba.

Hajiya ta riga ɗanta dawowa. Ko gida ba ta biya ba, ta sa aka sauke ta a otal. Ta tarar da zaure ya zama wani wuri: fenti sabo, labule mai ganye har ƙasa, madubi a bango. 'Yar Labule ta durƙusa ta gaishe ta, fuska cike da murna, tana jiran yabo. Hajiya ba ta dubi labule ba. Ta nufi benci, ta tsaya a kansa, ta shafa sabon yadin daga wannan kai zuwa wancan.

"Ina kayan da ke jikinsa?"

"Tsummokaran, Hajiya? Ai mai gyara ya cire su. Wannan ya fi ƙarko, kuma ba ya riƙe datti."

Hajiya ta maimaita kalmar a hankali, tsummokara, kamar mai ɗanɗana magani. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa, kan sabon kafet, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai shara ce ta ja yarinyar gefe ta gaya mata abin da ta fitar daga zauren.

Da Manaja ya dawo, uwarsa ta ce masa magana ɗaya: yarinyar da ta shigo tun kafin aure ta share ubansa daga gidansa, idan ta tare wa za ta share? Ta ce a ɗaga ranar, kuma kada a tambaye ta zuwa yaushe. Ya durƙusa ya ce laifinsa ne, shi ya ba da makulli bai yi bayani ba. Ta ce ta sani, shi ma ba ta gama da shi ba, amma shi ɗanta ne, ba ta da yadda za ta yi da shi.

A gidan su yarinyar kuwa Yaya ya hau sama. Ya ce ƙanwarsa ta yi musu aiki kamar baiwa, sakayyar ke nan? A kan tsohon benci? Su riƙe ɗansu, maza ba su ƙare ba. Da ya fita, Umma ta zauna kusa da 'yarta da ke kuka a cikin ƙyallayenta, ta ce mata da rigar Abbansu ce aka yi wa haka, ita ma ba ta san abin da za ta yi ba.

Washegari 'Yar Labule ta tafi shagon mai gyaran kujeru. Mutumin ya yi ta salati da ya ji. Ya ce ai ba zubarwa yake yi ba, tsofaffin yadi da su suke goge man katako da fenti. Suka zazzage buhu a ƙasa, ta durƙusa cikin garin katako tana tsince su. Ta samu farar shaddar, ta yi dabbare-dabbare da mai. Ta samu mai bakin aljihu. Shuɗin mai layi ne ba ta gani ba. Ya ce da shi aka goge wani kabad, ya daskare, aka jefa a wuta.

A nan ta yi kuskure na biyu, kuma irin kuskuren da gwaninta ke jawowa ne. Ta wanke ƙyallayen, ta lanƙwasa inda ya ɓaci ta baya, ta jera su yadda kala ke bin kala, ta sa a cikin gilashi da firam mai ruwan zinariya. Abin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, na gan shi. Ta rungume shi ta kai gidan Hajiya.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta kai hannu, yatsunta suka bugi gilashi.

"Da kin jefar da shi," in ji ta, "yanzu kuma kin mai da shi kayan ado. Ta ina zan taɓa shi?"

Yarinyar ta fito ba ta ganin gabanta. Manaja ya biyo ta har bakin titi. Ya ce mata idan ta gaji ba zai ga laifinta ba, amma shi ba zai iya auren da uwarsa ke kuka a kai ba, kuma ba zai iya auren wata ba. Ta ce to su biyun ke nan sun zama 'yan jira. Ya yi ɗan murmushi, idonsa ya kawo ruwa, ya juya don kada ta gani.

Kwanaki suka shuɗe, ban riƙe yawansu ba, na dai san damina ta shiga ta fita. Ta daina kai komai gidan Hajiya sai kanta. Takan je da safe ta gaishe ta, a amsa a taƙaice, ta share tsakar gida, ta tafi wurin Madam. Yaya yana mata tsiya, wai ta samu aikin shara ba albashi. Ƙawayenta suka ce ta zubar da aji. Har wani ɗan kasuwa da Madam ta yi wa aiki ya aiko yana so, ta ce a ba shi haƙuri.

Ran nan ta tarar da Hajiya a tabarma, ta fasa firam ɗin, ƙyallaye a cinya, tana ta fama da allura. Zare ya ƙi shiga. Ta kai shi baki, ta murza, ta ɗaga wajen haske. 'Yar Labule ta ajiye tsintsiya ta tsuguna nesa kaɗan. Ba ta ce a kawo ba. Can Hajiya ta miƙo allurar ba tare da ta dube ta ba.

Ta zura zaren ta mayar. Hajiya ta ɗauki mai ruwan toka ta haɗa da farar shaddar nan mai tabon mai. Duk ilimin yarinyar ya taso mata: ba su dace ba, ga tabo a fili, ga gefe bai miƙe ba. Ta haɗiye. Maimakon haka ta yi tambayar da ya kamata ta yi tun ranar farko.

"Hajiya, wannan mai tokar, yaushe Baba yake sa ta?"

Hajiya ta shafa ƙyallen da tafin hannu. Sannan ta ce ita ce rigar da ya sa ran da aka buɗe otal, ta yi masa yawa, yana tafiya tana jan ƙasa, baƙon farko ya zaci maigadi ne ya miƙa masa jaka. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Mai aljihun kuwa, a nan yake ɓoye alewa saboda likita ya hana shi. Suka yi ta haka, ƙyalle bayan ƙyalle, Hajiya tana ɗinki tana ba da labari, yarinyar tana zura zare tana riƙe gefe. Da suka zo inda shuɗin ya kamata ya zauna, babu abin sawa.

"Ita ya sa ran da ya rasu," in ji Hajiya. "A kan bencin."

'Yar Labule ta kifa kai a gwiwar tsohuwar tana cewa a yafe mata. Ta ce tana da yadi shuɗi mai layi da ya yi kama, sai kuma ta kama bakinta. Hajiya ta ce a'a, a bar gurbin haka, abin da ya tafi ya tafi, ba a yi masa ƙarya. Ta ɗora hannu a kan yarinyar, ta bar shi a nan.

"Gobe ki zo da wuri, 'yata. Ki ce wa wancan sakaran ya kawo bencin. Ya zo da kawunsa kuma, a sake duba rana."

An yi auren ba da daɗewa ba. Bencin ya koma zaure da facinsa da tabonsa, da gurbi a gefen hagu inda sabon yadi ke leƙowa, bai dace da labule ba, bai dace da komai ba. Hajiya ba ta yi nisan kwana ba bayan haka. Ta ga jikanta na fari, ta bi mijinta. Surukarta ce ta yi jinyarta har ƙarshe. Yau ita ake kira a manyan otal-otal, an ce mini har ta fi Madam ciniki, amma ba ta taɓa ɗaga ko matashi a ɗakin mutane ba sai ta tambayi wa ke zama a nan, wa ya ɗinka wannan.

Ku yara masu tasowa da ilimi a hannu, ilimin nan alheri ne, ku riƙe shi. Sai dai ido yana ganin kala ne kawai, ba ya ganin wanda ya sa rigar. Idan kun shiga gidan mutane, ku tambaya kafin ku gyara. Idan kuma kun riga kun ɓata, kada ku yi gaggawar rufe ɓarnar da ado; ku zauna kusa da wanda kuka ɓata wa, ku yi haƙuri har ya miƙo muku allura da kansa. Haƙurinta ya dawo mata da mijinta, ya ba ta uwa. Shuɗiyar rigar ce kawai bai iya dawo da ita ba.