Gurbin Ƙarshe a Tucuruí

"Tucuruí?! Maimaita in ji!"

Ƙanwata Socorro ta kashe injin matse açaí, 'ya'yan itacen da take damawa kamar kunu tana sayarwa, ta juyo tana goge hannu. 'Yarta Jucilene na tsaye a bakin ƙofar shago, waya a hannu, idanu sun yi ja. Ni kuwa ina kan benci da kwanona na açaí, na zuba garin rogo ke nan, ko cokali ban kai baki ba.

"Mama, ba fa ƙarshen duniya ba ne... mota tana zuwa."

"Mota tana zuwa! Wuni guda a hanya! Makinki ya isa ki karanta injiniya a nan Belém, ki ci tukunyata, ki kwana a gadonki. Shi ne za ki bar ni ni kaɗai ki bi saurayi?"

"Can ma akwai karatu mai kyau, ga babbar madatsar ruwa..."

"To ki auri madatsar!"

Dariya ta ƙwace mini, gari ya shaƙe ni. Socorro ta harare ni.

"Yaya Bené, kai ma ka sa baki mana, ka zauna kana cin banza!"

Ban sa ba. Shekarun da na yi ina dafa wa fasinjoji abinci a jirgin ruwan Manaus sun koya mini cewa uwa da 'ya in suna faɗa, wanda ya shiga tsakani shi ake haɗuwa a cinye.

Ni ban wuce aji huɗu ba, amma duk mai yaro a gida, watan Janairu kan mai da shi malami dole. Yara sun rubuta ENEM, jarrabawar shiga jami'a, maki ya fito. Wanda ke son injiniya, makin lissafinsa ake ninkawa kafin a haɗa da sauran, don haka lissafi shi ke ɗaga mutum, shi ke kayar da shi. Jucilene ta ci lissafi ci na ban tsoro. Saurayinta Edinaldo, wanda muke kira Naldo, ɗan mai gyaran injin kwale-kwale a bayan layinmu, shi ma kansa na ja, sai dai girman kai ya cuce shi. Ya tsaya kokawa da tambayoyi masu wuya, lokaci ya ƙure, masu sauƙin ya cika su da ka. Masu ba da maki kuwa in suka ga ka ci mai wuya ka faɗi mai sauƙi, sai su ɗauka canka ka yi, su rage maka maki.

Bayan haka sai a buɗe shafin neman gurbi na 'yan kwanaki. Kowa ya rubuta inda yake so, kullum da safe ya duba matsayinsa, yana iya canjawa har ranar rufewa. Makin Naldo bai kai na Belém ba. A Tucuruí ne kawai ya samu shiga, injiniyan lantarki, gurbi arba'in, shi ne na arba'in cif.

Da yamma, bayan ruwa ya ɗauke, ya zo. Suka zauna a kan dakalin shago, ni ina ciki ina yi kamar gyangyaɗi.

"Juci, zuciyata, ki bar sunanki a Belém."

"Ka gaji da ni ke nan?"

"Ni? Ko injin babana ban kallo yadda nake kallonki."

"Ji wani yabo! Da inji kake haɗa ni?"

"Inji mai kyau fa..."

Ta kai masa duka a kafaɗa, suka yi dariya. Sai muryarta ta yi ƙasa.

"Shekara biyar, Naldo. 'Yan matan can za su gan ka da wannan murmushin..."

"Su gani, ai ba nasu ba ne. Mama ba ta da kowa sai ke. Ki yi mini alkawari."

Na kasa kunne. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, sai ta ce ya sha açaí kafin ya tafi. Na ce a raina, yarinyar nan ta riga ta yanke.

Washegari, ranar rufe shafin, tun Socorro ba ta kafa jar tutar shago mai nuna açaí ya samu ba sai ga Naldo a kan keke, ya jefar da shi a ƙasa.

"An ture ni!"

"Wa ya ture ka, ɗan nan?" in ji Socorro.

"Ban sani ba, Mama! Wani ne ya shigo da maki mai tsoka, ya haye can sama, kowa ya matsa ƙasa. Na koma na arba'in da ɗaya!" Ya dafe kai. "Don Allah wane marar imani ne zai ɗauki irin wannan maki ya kai Tucuruí? Ba ga Belém ba? Ba ga São Paulo ba? Allah ya sa sauron can ya cinye shi ɗanye!"

"Amin!" Socorro ta amsa da ƙarfi. Faɗan jiya daban, amma tana son yaron.

Ludayi ya faɗi daga hannun Jucilene.

Na dube ta. Ta ƙura wa wayar Naldo ido kamar ta ga gawa. Na miƙe na ce, "Juci, zo ki kama mini kwandon nan a baya."

Muna zagayawa ta fashe da kuka.

"Kawu... ni ce."

"Na sani."

"Jiya na canja. Na ce in ya duba da safe zai gan mu tare, ya yi murna... Wallahi ban yi tunanin kujerun ƙidayayyu ba ne! Ni da na ci lissafi, Kawu! Arba'in da ɗaya ya fi arba'in, wannan ne ya gagare ni!"

"Soyayya ce, 'yata. Ta sa manya sun yi abin da ya fi wannan."

"Yanzu ya zan yi? In na zauna, ni zan tafi Tucuruí shi ya zauna gida. In na fita, shi ya tafi ni in zauna. Ko ta ina ba ma tare!"

"Haka ne. To wanne za ki iya kallon idonsa da shi?"

Ta share hawaye da bayan hannu. Ta koma cikin shago, na bi ta.

"Naldo... wanda ka ce sauro ya cinye. Ga ni."

Ya buɗe baki. Socorro ta yi alamar gicciye, ta ce, "Maryamu ta Nazaré! Kuma na ce amin!"

"Ke?" in ji Naldo. "Ke ce kika..."

"Na so in ba ka mamaki ne."

"Ai kin ba ni!"

Ya tsaya yana kallonta, ita tana jiran faɗa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, har da hawaye, har ya zauna a ƙasa kusa da kekensa.

"Ka daina mana! Ni ina kuka kana dariya!"

"Rabin raina, kin bar Belém saboda ni? Da wannan makin?"

"Kuma na kore ka."

"Ba wanda ya taɓa korata da daɗi haka."

Ta miƙa masa wayarta. "Riƙe min. Ni zan danna."

A gabanmu ta cire sunanta daga Tucuruí ta mayar Belém. Socorro ta jawo kan 'yarta ta ɗora a ƙirji, tana shafa gashinta.

Sai dai magana ba ta ƙare ba. Ranar rufewa kowa ke guje-guje, wani na iya shigowa a minti na ƙarshe ya sake ture shi, kuma ba mai sani sai ranar sakamako. Kwanakin nan Naldo ya rame. Jucilene ta ƙona shinkafa har sau biyu. Ni kaɗai nake cin abinci yadda ya kamata.

Ranar da sakamako ya fito, layinmu ya cika tun hantsi, kowa da wayarsa. Jucilene ta fara dubawa.

"Na samu! Mama, injiniyan gine-gine, Belém!"

Guɗa ta tashi, amma ita ta ɗaga hannu a yi shiru, ta juya ga Naldo. Ya rufe ido ya miƙo mini wayar.

"Kawu, duba min. Ba zan iya ba."

"Ni da karatu sai da tabarau?" Na kai wayar nesa da fuskata, na ja lokaci da gangan. "To... akwai wani Edinaldo a nan, can ƙasa, kamar wanda ya kama jirgi da yatsa ɗaya."

"Na nawa?!"

"Na arba'in."

Al'adarmu ce, wanda ya samu jami'a sai an yi masa wanka da ƙwai da fulawa, an aske shi. Ban san wa ya fara jifa ba. Ƙwai ya fashe a kan Naldo, wani a kan Juci, maƙwabta suka zazzage musu fulawa, baban Naldo ya zo da almakashi ya fara datse masa suma, kiɗa ya tashi daga motar wani. Su biyun suka zama farare fat, ƙwai na bin kunnuwansu, suna riƙe da hannun juna suna tsalle.

A cikin wannan hali, kai rabi da gashi rabi babu, Naldo ya je gaban Socorro ya durƙusa.

"Mama, ba yanzu ba, sai mun gama. Amma ina so ki san ni ne. Duk hutu ina nan, ko a ƙafa ne."

Kiɗa ya tsaya. Jucilene ta toshe baki da hannu biyu.

Socorro ta dube shi sama da ƙasa, fuska a ɗaure. Ta juya ta shiga shago. Yaron ya bi ta da ido, yana nan durƙushe.

Ta fito da ƙwai ɗaya a hannu, ta tsaya a kansa.

"Ka kawo mini takardar gamawa, ba labari ba."

"Zan kawo, Mama."

Ta fasa masa ƙwan a tsakiyar kai, ta shafa shi sosai da tafin hannunta, sannan ta ce, "Tashi, surukina, ka je ka yi wanka. Wari kake."