Hoton Gogo Na Farko Da Na Ƙarshe

Ranar da Jibrin ya fara ganin Barira, maigidansa Usta Ɗantsoho ya tafi jana'iza unguwar Kalakla, ya bar masa shagon hoto da ke bayan kasuwar Suk al-Arabi. Shekarar 1974 ce. Watansa uku da fara koyon aikin, kuma an hana shi ɗaukar kowa in Usta ba ya nan.

Ta shigo riƙe da hannun wata tsohuwa mai sanye da farin tobi, irin lulluɓin matan ƙasar.

"Daga Omdurman muke," in ji ta. "Kakata ce, Gogo. Tunda take ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, yau ma da ƙyar na lallashe ta."

Kamata ya yi ya ce su dawo gobe. Amma da ya dubi idanun Barira, sai ya ji bakinsa ya ce, "Tafaddalu, ku zauna."

Da ya wanke fim ɗin, sai ya ga ɓarna. Tobin ya fito tas, amma fuskar Gogo ta yi baƙi ƙirin, ko hanci ba a gani. Da farar tufa ya auna haske, ya manta da fatar mai ita.

Barira ta zo karɓa, kunya ta hana shi faɗin gaskiya. Ya ce maganin wanki ne ya ƙare, ta dawo mako mai zuwa.

Ta dawo, idanunta sun kumbura.

"Gogo ta rasu ranar Talata. Don Allah ka kula mini da hoton nan, shi kaɗai muke da shi."

"In sha Allahu," ya ce.

Da yamma ya faɗa wa Usta komai. Dattijon ya ɗaga fim ɗin ga taga, ya daɗe yana dubawa.

"Fuskar tana nan, sai dai ta yi rauni. Kai fari da baƙi kawai kake gani, alhali tsakaninsu akwai toka-toka kala-kala, kuma a nan fatar mutanenmu take. In za ka buga, ka tare wa fuskar haske da yatsunka, ka bar tobin ya sha. Wannan zan koya maka. Ƙaryar kuwa taka ce, kai za ka gyara."

Kullum Jibrin na ɗakin wanki yana ɓata takarda. Barira kuma takan biyo, su sha shayi wurin Awadiyya mai shayi a bakin kogin Nilu. Tun tana zuwa don hoto har ta daina tambaya. Wata rana ta bar masa 'yar takarda:

"Jibrin, habibi, tun rasuwar Gogo kai kaɗai ke sa ni dariya. Baba ya fi son in auri Zubairu, ɗan ƙanensa, ya ce ba ya haɗa zuri'a da mai hoto. Na ce masa kai mai gaskiya ne. Taka, Barira."

Kalmar nan ta "mai gaskiya" ta hana shi cin abinci. Washegari ya tare ta a tashar bas.

"Barirata, ni ba mai gaskiya ba ne. Hoton ya lalace tun ranar farko. Ban iya ba, na ɗauka don kada ki tafi."

Ta ƙura masa ido. "Ranar da na fara zuwa karɓa Gogo tana da rai, Jibrin. Da ka faɗa, da na sake kawo ta."

Ta hau bas ba ta waiwayo ba.

Wata guda babu labarinta. Shi kuwa bai daina gwada buga hoton ba, har ranar da idanun Gogo suka bayyana a cikin ruwan wanki, sannan tsagen kumatunta. Hoton bai yi kyau sosai ba, amma ita ce.

Ya haye gada zuwa Omdurman, ya durƙusa gaban mahaifin Barira, Malam Muhammad Sani, ya zayyana laifinsa duka kafin ya miƙa hoton.

Malam ya karɓa da niyyar mayarwa. Sai hannunsa ya tsaya.

"Inna," ya ce a hankali. Ya goge ido da hannun jallabiya. "Yaro, ka cuce mu. Amma ba wanda ya tilasta ka zuwa nan. Sauran magana ta Barira ce."

Kwana tara Jibrin yana jira, sannan takarda ta iso shago:

"Ban manta ba, amma na yafe. Kada ka ƙara ɓoye mini komai, ko mai ɗaci ne. Ka turo manyanka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, Usta Ɗantsoho ne wakilin ango. Zubairu ma ya zo ya yi murna. Malam ya kama hannun Jibrin, ya ce, "Na ba ka amana. Allah ya sa albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Daga bayan labule, Jibrin ya ji muryar Barira cikin masu cewa amin.